Gurmi Mai Taurari Biyar

Ni dai a rayuwata ba na son a raina mini hankali. Abin haushin shi ne, a wannan karon da hannuna na taya aka raina mini.

Sunana Adawiyya, ɗinki nake yi a Rano. Mahaifina Malam Shitu yana Zinyau, kuma duk wanda ya haura shekara arba'in a yankinmu ya san shi da Shitu mai gurmi. A da, in an gama girbi aka share filin kokawa, daga Saji har Lausu ba a fara kamawa sai ya zauna ya ɗora gurminsa a cinya. Da Shari'a ta zo wasannin suka yi sanyi, shi ma girma ya fara kama shi, ga yayana Habibullahi ya dawo daga karatu ya buɗe makaranta a zauren gidan. Babu wanda ya zo ya ce wa Baba ya daina. Shi ne wata rana ya rataye gurmin a jikin bango, bai sake sauke shi ba har gara ta cinye ƙoƙon.

Shekara ashirin da biyu bayan haka hawan jini ya kayar da shi a gona, ɓarin hagu ya shanye. Ƙafa ta dawo a hankali, baki ma ya dawo, amma hannun yana nan kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Likitan gashin ƙashi ya ce jijiyoyin ba su mutu ba, sai dai in bai riƙa motsa yatsun kullum ba, nan da 'yan watanni za su sandare, daga nan kuma babu dawowa. Ya ba mu wata 'yar ƙwallon roba ja, ya ce ya riƙa matsawa.

Baba ya dubi ƙwallon, ya dube ni, ya ce, "Uwata, ni za a bai wa ƙwallo?"

Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa yake kirana haka. Ƙwallon dai a ƙarƙashin gado ta ƙare. Magana ma ya rage ta, sai "to" da "a'a". Yana wuni a gindin darbejiyar tsakar gida yana kallon kaji, ni kuma ina zuwa daga Rano duk bayan kwana biyu ina duba yatsun nan, ina ganin suna ƙara lanƙwashewa. Tsoro nake ji ƙwarai, amma ba na nuna masa.

Wata rana da hantsi ina taje masa gemu, rediyon maƙwabta ya sako wani kiɗan gurmi. Ban ma kula ba sai da idona ya sauka a cinyarsa. Manuniyarsa ta hagu tana motsi. Kaɗan ne, kamar tana danna wani abu da ba ya wurin, amma tana motsi, kuma tana bin kiɗan.

Na tafi zaure na samu Yaya Habibullahi na ce gurmi zan saya wa Baba. Ya ajiye littafin hannunsa ya ce, "Adawiyya, kin san matsayina a garin nan."

Na ce, "Magani ne, Yaya."

Ya ce, "In magani ne, a sha shi a cikin gida."

Wannan a wajen Yaya amincewa ce babba. Matsalar da ta rage ita ce inda za a samu. Mai haɗa gurmi na ƙarshe da aka sani a Kibiya ya rasu tun ina amarya. Sai na ce ai wannan ba abin damuwa ba ne, ga waya. Ni da nake sayen atamfa da leshi ta Fesbuk, ban taɓa faɗawa hannun mugu ba, har mata suna zuwa in duba musu kafin su tura kuɗi. Ƙa'idata ɗaya ce: kada ki kalli hoton kaya, ki karanta abin da waɗanda suka saya suka rubuta.

Shafi biyu na samu. Na farko na wani Jabiru ne mai kayan kiɗa a birni. Hotuna tas-tas, kalangu da kukuma da gurmi a jere suna sheƙi, ga taurari biyar, ga sharhin mutane ya fi ɗari uku. Na zauna na bi su. "Kaya sun iso lafiya, Allah ya ƙara buɗi." "Mutumin kirki, Allah ya bar zumunci." "Masha Allah, Allah ya tsare gaba." Maza da mata, daga garuruwa daban-daban, da sunayensu da hotunansu, babu ko mutum ɗaya da ya yi ƙorafi.

Na biyu na wani tsoho ne Ishiyaku, can wajen Ningi. Hotunan dishi-dishi, a kan tabarma aka ɗauka, har babban yatsan ƙafarsa ya fito a ɗaya. Sharhi biyar ne kacal, kuma mafi tsawo a ciki faɗa ne. Layin farko kawai na karanta, "Wannan tsoho ya ɓata mini lokaci," na yi tsaki na koma wajen Jabiru.

Kwana uku gurmin ya iso tashar Rano. Yaya ne ya ɗauko, ya cusa shi a buhun taki ya ɗaure baki, ya ɗora a bayan babur kamar mai kai wa gona. Da muka kwance a tsakar gida har na yi guɗa. An shafe ƙoƙon da fenti mai ƙyalli, an zagaye bakinsa da duwatsun ado, ga tuntaye ja da kore suna lilo.

Baba ya karɓa da hannun dama. Ya ƙwanƙwasa fatar da farce, ya kai hanci ya sansana. Ya ja tsirkiya sau ɗaya, ta ce "ɗas", kamar an buga gindin bokiti. Ya ajiye shi a hankali a kan tabarma.

Ya ce, "Fatar akuya ce." Can kuma ya ce, "Ashe har na kai a kawo mini abin wasa sau biyu."

Ya juya fuskarsa wajen bango. Ranar ko furar la'asar bai sha ba.

Na koma Rano raina yana tafasa. Na zauna a kan keken ɗinki na buɗe shafin Jabiru, na fara rubutu. Na rubuta macuci, na rubuta azzalumi, ina cikin neman ta uku sai ga kira. Shi ne.

Wallahi mutumin nan ya iya gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi jikin Baba, don na gaya masa tun farko wa zan saya wa. Ya ce mahaifiyarsa ma irin ciwon ta yi. Ya yi wa Baba addu'a mai tsawo har na tsinci kaina ina cewa amin. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Hajiya, in babu damuwa a ɗan rubuta mana wani abu a shafi. Da shi muke ci da iyali."

Faɗa na yi niyya, amma abin da ya fito shi ne, "To."

Na dubi abin da na rubuta. Sunana zai fito a kai, da hotona. Matan da nake yi wa ɗinki za su gani, su ce Adawiyya ta fita bainar jama'a ta toshe wa bawan Allah hanyar abinci, mutumin da ya yi wa ubanta addu'a. Mu ba a haka aka tashe mu ba. Innarmu ko gishiri aka auna mata da mugunta a kasuwa, sai dai ta daina zuwa wajen mai shi, ba za ta tsaya ta tona masa asiri ba. Na goge macuci, na goge azzalumi. Na rubuta, "Kaya sun iso lafiya, Allah ya ƙara buɗi," na tura.

Rubutun nawa ya hau ya zauna a kan na sauran, sai na ga babu abin da ya bambanta shi da su. Na ajiye ɗinkin ranar, na sake bin sharhin nan ɗaya bayan ɗaya tun daga sama har ƙasa. An yi addu'a, an yi godiya, an yabi halin Jabiru. A cikin mutum ɗari uku da suka sayi kayan kiɗa, babu ko ɗaya da ya ce ga yadda abin yake sauti.

A cikinsu na ga fuskar da na sani, Ramalan mai shagon kayan masarufi a Kibiya, mijin wata da nake yi wa ɗinki. Washegari na hau mota na same shi a shagon. Bayan mun gaisa na ce na ga ya sayi kalangu a wajen Jabiru, yaya ya same shi?

Ya yi murmushi ya nuna bayan ƙofa. Ga kalangun nan a tsaye, an soka tsintsiya uku a ciki.

Ya ce, "Wa kawuna na saya. Kwana uku fatar ta fashe."

Na ce, "To don Allah, Malam Ramalan, me ya sa ka yabe shi? Saboda irinku na saya!"

Ya ce, "A'a Hajiya, ni ban yabi kalangu ba. Koma ki duba. Addu'a na yi wa mutum, kuma har gobe ina yi masa fatan buɗi." Ya gyara hula ya dube ni. "Ke da naki ya iso, me kika rubuta?"

Na ce masa sai an jima.

A cikin motar dawowa na buɗe shafin tsohon nan na Ningi, na karanta faɗan da na tsallake, wannan karon har ƙarshe. Mutumin ya ce kukuma ya nema don wani biki, tsohon ya tsare shi da tambayoyi kamar alƙali: wa zai goga, shekarunsa nawa, yaya tsawon hannunsa. Ya ce sai da ya yi sati bakwai kafin ya aiko, wai fata ba ta bushe yadda yake so ba. A ƙarshe ya rubuta, "Kukumar dai tana da murya, ba zan yi ƙarya ba, amma biki ya riga ya wuce."

Murya. A duk karatun da na yi na kwana da kwanaki, sai a bakin mai fushi na fara cin karo da kalmar.

Na kira lambar. Malam Ishiyaku bai iya gaisuwa ba ko kaɗan, "lafiya" ɗaya ya ce ya shiga tambaya. Wa zai kaɗa? Ya taɓa kaɗawa? Da na ce Shitu na Zinyau ne sai ya ce ya taɓa jin sa a wani filin kokawa da daɗewa. Na gaya masa ciwon.

Ya ce, "Wane hannu ne ya mutu?"

Na ce, "Bai mutu ba!"

Ya ce, "To madalla. Ki auno mini shi daga gwiwar hannu zuwa kan yatsan tsakiya."

Na ce wannan mai sauƙi ne, ni tela ce, ina da tef. Ya ce shi bai san inci ba, in auna da zare in yanke, in bai wa direban motar Ningi ya kawo masa. Sannan ya ce abu na biyu, Shitu ya rera masa ko baiti ɗaya a waya, don ya ji inda muryarsa take zama, a kanta zai ɗaure tsirkiya.

Na ce, "Malam, mutumin da ko magana ba ya yi?"

Ya ce, "Ni kuma ba na haɗa wa wanda ban ji ba." Ya kashe wayarsa.

Na zage shi a raina, zagi mai kyau. Amma na ɗauki zare na tafi Zinyau. Baba ya bar ni na auna hannun, bai tambayi dalili ba. Na roƙe shi ya yi waƙar, ya yi kamar da darbejiya nake magana. Na koma gefe na tura wa Malam Ishiyaku saƙon murya na ce ya ƙi, don Allah ya yi haƙuri ya haɗa haka nan. Ba a jima ba amsa ta shigo, ya ce in kunna a gaban mai gidan.

Na kunna. Muryar tsohon ta fito a shaƙe: "A gaya wa Shitu babu komai. Tunda hannu ya yi rauni, murya kuma ta tafi, zan yi masa ƙarami mai sako-sakon tsirkiya, irin wanda nake yi wa 'yan koyo."

Baba ya ɗago kai. Rabon da in ga idonsa haka tun kafin ya faɗi.

Ya ce, "Ɗan koyo? Uwata, kawo wayar nan."

Na danna wajen ɗaukar murya na riƙe masa. Mutumin da ya yi wata biyu yana "to" da "a'a" ya yi magana ta fi minti huɗu. Ya ce fatar damo yake so, ta baya ba ta ciki ba. Ya ce ƙoƙon ya zama na duman da ya shekara a rataye. Ya ce lokacin da yake kaɗa gurmi wataƙila Ishiyaku bai san hannun damansa ba. Sannan ya ce, "Murya kuma, saurara," ya gyara zama ya ɗauko wani tsohon kirarin 'yan kokawa. Muryar tana rawa, bakin yana ɗan karkacewa, amma ta fito. Karatun da ake yi a zaure ya tsaya cak na ɗan lokaci, sannan na ji Yaya ya yi gyaran murya an ci gaba.

Amsar Malam Ishiyaku gajeriya ce: "Na ji. Sati shida."

Sati shida! Na tuna maganar likita, na kira shi na ce yatsun ba za su jira sati shida ba. Ya ce fata ma ba za ta bushe don ina sauri ba, damina ce. Na kashe wayar ina huci. Bayan kwana huɗu direban Ningi ya kira ni tasha, ya miƙo mini wata gora tsirara irin ta wuyan gurmi, tsawonta daidai da zaren da na aika, an ɗaura mata tsirkiya biyu, babu ƙoƙo babu fata. Saƙon da ya biyo ta ya ce, "Ya riƙa dannawa kafin in gama. Ba na son in yi wahalar banza."

Wannan gorar Baba bai jefa ta ƙarƙashin gado ba. Da ita yake wuni. Yana ɗaukar hannun hagu da na dama ya ɗora a kanta, ya yi ta fama da manuniya har gumi ya keto masa. Duk bayan kwana biyu in na zo sai ya ce in kawo waya, akwai abin da zai gaya wa mutumin Ningi. Faɗa suke yi kawai, a kan kaurin tsirkiya, a kan wane ice ya fi, a kan wani ɗan kokawa da ya rasu tun ban da wayo. Ni ce mai dannawa, kuma ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba.

A cikin makonnin jiran nan ne na koma shafin Jabiru. Na daɗe ina kallon rubutuna. Ban zage shi ba, addu'ar ma na bar masa abarsa. A ƙarƙashi na ƙara cewa, "Gurmin yana da kyau a ido, ya dace da adon falo. Amma fatar akuya ce, kuma ba shi da murya. Mai son kaɗawa ya sani." Na tura. Har yamma ina jiran duniya ta taso mini. Abin da ya zo shi ne mutum huɗu da suka rubuta a ƙasan nawa cewa su ma haka suka gani, na biyunsu Ramalan.

Sai da aka yi sati bakwai, ba shida ba. Yaya ne ya sake ɗaukowa daga tasha, a buhun takin nan dai. Da aka kwance ban yi guɗa ba. Abu ne baƙi-baƙi, babu fenti babu tuntu, yana warin hayaƙi, fatar da zanen damo a jikinta. Da a hoto na gan shi da ko kallo na biyu ba zan yi masa ba.

Baba ya ƙwanƙwasa fatar, ya sansana. Ya kwantar da shi a cinya, ya ja tsirkiya.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Sautin ya cika tsakar gidan, a ƙirjina na ji shi kafin kunne. Ya kai hannun hagu kan gorar. Manuniya ta danna, sautin ya sauya. Yatsan tsakiya ya biyo a makare, ya kuskure, ya sake, ya samu. Na kusa da ƙarami ya ƙi tashi sam. Da yatsu biyun nan ya lallaɓa ya fitar da kiɗan da nake ji ina goye a bayan Inna. Kuka na yi sosai, ban ɓoye ba. Yaya yana tsaye da buhun a hannu, ya ce bari ya koma zaure, amma sai na ga ya jawo turmi ya kifa ya zauna.

Da Baba ya tsaya yana haki, na share ido na ɗauko waya na buɗe shafin Malam Ishiyaku. Na ce, "Baba, wannan karon kai za ka faɗa in rubuta. Me za a gaya wa mutane?"

Ya karkata gurmin yana duban ɗan icen da tsirkiya ke hawa, wanda suke ce wa jaki.

Ya ce, "Rubuta: jakin ya yi tsayi kaɗan. Kuma mutumin taurin kai gare shi, ga saɓa lokaci."

Na ce, "Haba Baba! Shi ke nan?"

Ya ce, "Ki ƙara da cewa gurmi ne."

Na rubuta yadda ya faɗa, ban ƙara ko wasali ba. Ina cikin dannawa na ji ya ce wa Yaya ya miƙo masa 'yar wuƙar da ke kan taga, zai rage tsayin da kansa. Na ɗago kai. Ya sassauta tsirkiya, ya karɓi wuƙar da hannun dama, ya sa babban yatsa da manuniya ya tsamo ɗan icen nan daga ƙarƙashin tsirkiya, ya ɗaga shi sama yana dubawa a hasken rana.

Da hagu ya riƙe shi.